Masta ya ce in zaɓa, Baffa ya ce in dawo gida

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 21, ina karatu a wata babbar makaranta a nan Zariya, gidanmu kuma yana cikin birni. Wata takwas da suka wuce, wasu samari uku suka tare ni bayan isha'i ina dawowa daga Tudun Wada. Ɗaya ya ɗora min wuƙa a ciki, suka ce in kawo waya, na miƙa ban ce uffan ba. Abin da ya fi wayar ciwo shi ne ƙanwata tana tare da ni, ta ga yadda jikina ke rawa. Tun daga nan na shiga koyon takwando, wasan faɗan nan na bugu da ƙafa, wajen wani malami da muke kira Masta, sau uku a mako, Mama ba ta sani ba, ce mata nake ina da darasin yamma. Mahaifinmu ya rasu. Mu mahauta ne, kuma Baffana tsohon ɗan dambe ne. Da ya gano sai ya yi dariya, ya ce wannan rawar 'yan fim ce, in zo ya koya min abin gidanmu. Yanzu duk Lahadi yana naɗa min zare, har yana maganar a yi min tsaga a hannu. Masta kuma da ya ga tsayuwata ta canza, ya ce dambe zai rushe abin da ya gina, in zaɓi ɗaya. Ni kuwa ina ganin masu haɗa salo-salo a intanet su ke cin kowa. Laifi ne in haɗa? Wanne zai fi kare ni a titi? Kuma ba zan ɓoye maka ba Malam, na gane fuskar ɗaya daga cikin yaran nan, ina ganinsa a kasuwa, kuma duk lokacin da na kai bugu a atisaye shi nake gani.

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya mayar maka da mafi alherin abin da aka ƙwace.

Kafin in taɓa maganar Masta da Baffa, bari mu koma daren nan, don daga can komai ya taso. Abin da ka yi daidai ne, kuma ba lallashinka nake ba. Kai ɗan gidan fawa ne, ka fi ni sanin aikin wuƙa. Ka sha tsayawa a kwata ka ga an ja ta sau ɗaya a cikin bijimi, fatar da ta fi taka kauri nesa ba kusa ba ta buɗe kamar an yaga tsumma. Irinta aka ɗora maka a ciki, ga mutum biyu a gefe, ga ƙanwarka a bayanka. Da ka yi yunƙuri, ko baƙin bel na ƙwararru ne a ƙugunka, mai yiwuwa da yanzu zaman makoki ake tunawa a gidanku ba waya ba. Rawar jikin ma ba ragwantaka ba ce. Idan mutum ya ga mutuwa kusa, jiki kan zubo wani sinadari cikin jini, zuciya ta hau bugu, baki ya bushe, hannu da gwiwa su kama karkarwa, ko mutum ya so ko bai so ba. Ka tambayi Baffa yadda cikinsa ya yi ranar da ya fara shiga fili kalangu na kiran sunansa. In zai gaya maka gaskiya, za ka ji labarin da ya yi kama da naka.

To, wanne zai fi kare ka a titi? A gaban wuƙa, babu ko ɗaya. Da dambe da takwando duk wasa ne mai ƙa'ida: mutum ɗaya da mutum ɗaya, kowa ya san za a fara, ga alƙali a tsakani, ba wanda ya soke ƙarfe a ƙugu. Mai ƙwacen waya kuwa shi ya zaɓi wurin, shi ya zaɓi lokacin, kuma bai zo shi kaɗai ba. Duk wanda ya ce maka zai koya maka karɓe wuƙa a hannun mutum cikin wata ɗaya, kuɗinka yake so. Mafi yawan kare kai yana faruwa ne tun kafin a tare ka. Kada ka ratsa lungu da dare waya na haske a hannunka, musamman in an ɗauke wuta. Ka riƙe ƙaramar waya ta fita dare, babbar ta kwana a gida. In kana tare da mace bayan isha'i, kuɗin keken da zai kai ku bakin ƙofa bai kai rabin kuɗin ɗinki a asibiti ba. Faɗa yana zama dole ne idan abin da ake nema ya wuce kaya, kamar a ce za a ja ƙanwarka a tafi da ita, ko an riga an fara sara. Ko a nan ma abin da kake nema shi ne taki biyu na sarari, ka ja hannunta, ku ruga kuna ihu inda mutane suke. Hausawa da suka ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, ba raina jarumai suke yi ba.

Wannan ba ya nufin atisayenka banza ne. Yana ba ka numfashin da za ka yi gudun, da ƙafar da ba ta harɗewa, da sabo da a taɓa ka ba ka daskare ba. Abubuwa ne masu daraja. Sai dai ka san iyakarsu.

Haɗa salo kuma ba laifi ba ne, don abin da Masta yake koya maka ma haɗi ne. Sai a 1955 aka raɗa wa takwando wannan suna a Koriya ta Kudu, kuma da yawa cikin malaman da suka kafa makarantunsa na farko kareti suka koya zamanin da Jafan ke mulkin ƙasarsu. Judo ma haka. Wani malamin makaranta mai suna Jigoro Kano, wanda sunansa kaɗai ya yi kama da na Kanon Dabo amma mutumin Jafan ne, shi ya koyi tsohuwar kokawar ƙasarsu a gida biyu, ya tace, ya ajiye kamun da ke nakasa mutum a gefe don ɗalibai su iya gwabzawa da iya ƙarfinsu ba a kwashi kowa ba, ya buɗe makarantarsa a 1882. Abin da muke kira na zamani yau, gargajiyar wasu ce da aka yi wa gyara. Gasar UFC ta masu haɗa salo-salo da kake kallo a waya ta fara ne a Amurka a 1993, aka zuba ɗan boksin da ɗan kareti da sauransu a fili ɗaya don a ga salon wa ya fi, sai wani ɗan Burazil mara jiki sosai, Royce Gracie, ya riƙa kai su ƙasa yana murɗe su har ya cinye. Daga ranar kowa ya gane salo ɗaya ba ya isa.

Amma ka duba mutanen da suke burge ka da kyau. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, ya shafe shekaru yana kokawa zalla a makarantun Amurka kafin ya koma damben haɗaka. Israel Adesanya, haifaffen Legas, ya yi wasanni da dama na damben hannu da ƙafa kafin ya shiga UFC. Dukansu biyu sun ɗauki kambu a 2019, kuma kowannensu yana da uwa guda da ya tsaya a kanta, sauran duk ƙari ne. Kai wata takwas gare ka. Jikinka bai gama haddace tsayuwa ɗaya ba ka ɗora masa ta biyu, kuma taura biyu ba ta taunuwa. A nan Masta yana da gaskiya, ko da yake bai iya faɗarta ba.

Ka tsaya gaban madubi ka gwada su biyun, za ka ga abin da ya gani. Ɗan dambe yakan ba da gefe, ya buɗe ƙafa ya ɗan duƙa, ya miƙa hannu ɗaya gaba tafi a buɗe yana auna abokin karawa, hannun zaren kuma yana can baya a ɗane, yana jiran lokaci guda da zai zagayo da shi da nauyin jiki duka. Wasan haƙuri ne da karanta ido. Za a iya cinye turmi guda ana zagaye ana tsokana, sannan naushi ɗaya ya yi kisa. Ɗan takwando kuwa a kan yatsun ƙafa yake, yana tsalle-tsalle, jiki a miƙe, yana shiga yana fita, ƙafa ce makaminsa. Ɗaya yana ce wa jikinka dasa ƙafa, ɗaya yana ce masa kada ka dasa. Kowanne kuma yana da ɓaraka. Mai dambe da hannu ɗaya yake bugu, kuma lokacin da ya zagayo da shi haɓarsa a buɗe take. Sannan a titi ba wanda zai jira a naɗa maka zare, kuma hannu tsirara idan ya sauka a ƙoƙon kai da irin wannan ƙarfi, ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa ne ke fara karyewa. A gasar takwando irin ta Olamfik an hana naushi a fuska, shi ya sa da yawansu suka saba barin hannu a ƙasa. Ka kuma kwatanta ɗaga ƙafa zuwa kan mutum kana sanye da doguwar riga da silifas, a bakin lambatu, cikin duhu.

Akwai abin da su biyun ba su ba ka ba, kuma shi ne ya fi faruwa idan rigima ta kaure: a cakumi wuyan riga, a rungume, a faɗi. Wannan aikin kokawa ne da judo. Ni ɗan abin da na taɓa a makaranta judo ne, kuma makonnin farko ba abin da aka koya mana sai faɗuwa. Ka manna haɓa a ƙirji, ka faɗi, ka mari katifa da hannu, ka tashi, ka sake. Haushi ya ishe ni, ina ganin ɓata lokaci ne. Bayan shekaru masu yawa mashin ya zubar da ni wajen Kwangila da damina, sai na tsinci haɓata a ƙirji ban san lokacin da na kai ta ba, na tashi da ƙujewar gwiwar hannu, ƙeyata ba ta taɓa kwalta ba. A duk abin da na koya, wannan kaɗai na taɓa amfani da shi a waje. In har za ka ƙara wani abu nan gaba don kare kai, ta nan zan ce ka fara.

Ga yadda nake ganin za ka yi. Ka bar takwando ya zama uwa, tunda shi ne yake da tsari da ranaku da kayan kariya, ka ba shi aƙalla shekara ɗaya da rabi nan gaba kafin ka fara cuɗa shi da wani abu da gangan. Lahadin Baffa kuma kada ka yanke ta, amma ka canza mata fasali. Ya koya maka auna tazara, da yaudarar ido, da yadda ake sa ƙugu cikin naushi a kan buhun yashi, ya ba ka labarin yadda mahauta ke bin garuruwa da kaka ana dambe, da su Shago da Ɗan Anace ya yi wa waƙa, da bambancin ɓangarorin 'yan dambe na Kudu da Arewa da Jamus da Guramada. Banda bugun kai, banda shiga fili. Ka sami Masta shi kaɗai bayan an tashi, kada ka yi masa gardama gaban ɗalibai. Ka ce masa Baffa uba ne a wurinka, ba za ka iya ƙaurace masa ba, amma ka yi alkawarin in ka shigo aji tsayuwarsa kaɗai zai gani. Malami na gari zai karɓi wannan. In ya kafe sai ka yanke zumunci da Baffanka kafin ya ci gaba da koya maka, ko ka lura yana sa ku bugun juna ba hular kariya ba robar haƙora, ko yana dukan ɗalibai da sunan horo, to ba shi kaɗai ne Masta a Zariya ba. Ka leƙa ɓangaren wasanni na ABU a Samaru ka yi tambaya, tunda judo da takwando suna cikin wasannin da jami'o'in ƙasar nan ke karawa a kansu.

Baffa kuwa, ka saurari dariyarsa da kyau, akwai ciwo a ƙarƙashinta. Ɗan ɗan'uwansa da ya rasu aka ci wa mutunci, kuma maimakon yaron ya zo wurinsa, sai ya ji ya tafi wajen bare yana biyan kuɗi don a koya masa abin da gidansu ya gada. Ba takwando yake raina wa ba, gurbinsa yake nema. Ka ba shi. Ka gayyace shi ya zo ya kalli atisayenku rana ɗaya, ka miƙa masa matashin da ake riƙe wa mai bugu, ka sa babban ɗalibin Masta ya sauke masa ƙafa ɗaya. Tsohon ɗan dambe ba ya musun bugu in ya ji shi a hannunsa. Ka kuma gaya masa maƙwabcinmu ɗan Nijar, Abdoulrazak Issoufou Alfaga, da wannan takwandon da yake kira rawa ya ɗauko azurfa a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, kuma Chika Chukwumerije ya kawo wa Najeriya tagulla da ita daga Beijin a 2008.

Tsaga dai a'a, kuma a nan ba na sassautawa. Rezar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau ta sa maka, kuma ba garin maganin da za a cusa a fata ya ƙara wa ƙashi ƙarfi. Ka ce masa, “Baffa, ka yafe min wannan, ka ƙara min da addu'a.” Haka duk wanda ya miƙo maka ƙwaya a wajen atisaye wai don kada ka ji zafi, ka san ba abokinka ba ne. Ka kuma san abin da ake kira kisa a fili, sau da yawa ƙwaƙwalwa ce ta girgiza a cikin ƙoƙon kai har ƙafa ta saki, kuma a al'adar dambe ba lallai a auna nauyi kafin a haɗa mutum biyu ba. Kai da ƙwaƙwalwarka za ka nemi abinci nan gaba. Duk ranar da ka sha bugu a ka, ko a wajen Masta ne, ka ji jiri ko amai ko barci mai nauyi ko ka kasa tuna abin da ya faru, ka wuce asibitin Shika ko na Gambo Sawaba a ranar, kuma kada ka koma atisaye sai likita ya sallame ka.

Saura Mama, kuma wannan ya fi na Masta gaggawa. Baffa ya sani, Masta ya sani, wataƙila ƙanwarka ma ta sani, ita kaɗai ce a duhu, ita da ta fi kowa haƙƙi a kanka. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata rana za ka shigo da kumburin ido, ko wata maƙwabciya ta ce ta gan ka da fararen kaya kana shure-shure, kuma ranar ba takwandon ne zai yi mata ciwo ba, wata takwas na “darasin yamma” ne. Tsoronta ma ba na banza ba ne. Ta ga 'ya'yan mutane da suka fara da nuna ƙarfi suka ƙare a daba, kuma ba ta da mijin da zai tsawata maka. Ka same ta cikin makon nan, bayan ta idar da sallah, ka zauna a ƙasa, ka fara da neman gafara kafin hujja. Ka gaya mata abin da ya faru da zuciyarka tun daren nan. Ka kawo sharuɗɗa da kanka kafin ta nema: za ta ga sakamakonka na kowane zango, za ka shigo gida kafin magariba ranakun atisaye, kuma Masta zai zo ya gaishe ta ta ga ko wane ne. In ta kawo maganar addini, ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, amma kuma ya hana bugun fuska, shi ya sa malamai da yawa suke da magana a kan damben da fuska ce abin hari. Ku kai wa malamin da ta yarda da shi, har da batun sunkuyawar gaisuwa da ake yi a aji. In duk da haka ta ce a'a, ka dakata. Ka yi gudunka da asuba, ka nemi wanda take jin nauyinsa ya sa baki a hankali. Wata biyu ba bugu ba zai rage ka da komai ba.

Yaron kasuwa na bari ƙarshe don shi ne ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 da dokar hukunta laifuka ta Penal Code duk sun yarda mutum ya kare kansa da wani da dukiyarsa, amma a lokacin da ake kai harin, kuma gwargwadon abin da zai tsayar da shi. In ka same shi a kasuwa bayan wata takwas ka sauke masa ƙafa a wuya, a idon doka kai ne maharin, kuma in ya faɗi ƙeyarsa ta bugi siminti bai tashi ba, shari'ar kisan kai ce. Sannan fuskar da aka gani cikin duhu, wuƙa a ciki, ido yana iya ɗora ta a kan wani. In ka yi ihun ɓarawo a tsakiyar kasuwa, ka san abin da taro ke yi kafin a yi tambaya. In ma shi ne, yana da abokai biyu, kuma ba wuya su gano ƙofar gidan da ƙanwarka ke fita makaranta. Ka nemo kwalin wayar, lambar shaidar wayar da ake kira IMEI tana jiki, ka je da Baffa wajen 'yan sanda ku shigar da ƙara. Baffa mutumin kasuwa ne, cikin kwana biyu zai san ɗan gidan wa ne ba tare da kowa ya ji ba, kuma mai unguwa yana da hanyoyin da kai ba ka da su. Ka gaya wa Masta fuskar da kake gani in kana bugu, ya kamata ya san abin da yake wasa wa kaifi. In kuma fuskar tana hana ka barci, ko gabanka na faɗuwa duk ka doshi hanyar, ka ga likita ko mai ba da shawara na makarantarku, wannan ciwo ne da ake magani.

Ƙanwarka kuma, ka ce ta ga jikinka na rawa. Kai kake ta tunanin abin da ta gani a jikinka, amma ita ma tana tsaye a wurin, ta ga wuƙa a cikin yayanta, kuma ita ba ta da Masta ba ta da Baffan da ke naɗa mata zare. Ban ga inda ka ce wani ya tambaye ta komai ba. Ka saya mata tsire a hanyarka ta dawowa yau, ku zauna a tsakar gida, ka tambaye ta ko tana iya barci.